Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kamfanin da Ya Sayar Mani da Kwanson Kyamara na Shiga Ruwa

Zuwa ga Manajan Sashen Kula da Abokan Ciniki,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ni mai ɗaukar hoto da bidiyo ne a cikin birnin Katsina. Biki da suna da saukar karatu da hawan Sallah su ne abincina, amma shekara biyu ke nan ina tara hotunan rayuwar masuntan dam ɗin Ajiwa, a ƙaramar hukumar Batagarawa, inda ake turo wa birni ruwan famfo. Na ɗauke su a bakin gaɓa suna gyaran koma, na ɗauke su cikin kwalekwale da kan gora. Abin da ya rage mani shi ne ƙarƙashin ruwa: yadda raga ke tsayawa bayan an shimfiɗa ta, da yadda karfasa da tarwaɗa ke faɗa mata. Saboda wannan na tara kuɗi na sayi kwanson nan a wurinku, aka aiko mani da shi daga Legas da rasit da takardar garanti ta shekara guda. Ban ambaci sunanku a nan ba, don ba tozarta ku nake so in yi ba. Amma na rubuto a fili ne domin saƙonnin da na aiko a ɓoye an yi masu kunnen uwar shegu.

A jikin kwanson an rubuta cewa yana jure zurfin mita 40. Ni ban taɓa wuce mita 5 da shi ba. A bakin gaɓa komai lafiya lau, kowane maɓalli yana shiga yana dawowa. Da na nutsa na kai kamar mita 4, sai in danna maɓallin fara bidiyo ya shige ciki ya ƙi fitowa. Kyamara kuwa, in ta ji an danne mata maɓalli ɗaya ba a saki ba, sauran ma ba ta sauraron su. Ba in jawo hoto kusa, ba in gyara haske, ba in tsayar da ɗauka. Sai na taso zuwa wajen mita 2 in ji ya yi ƙas ya koma wurinsa.

Kafin in tuhume ku, sai da na tuhumi kaina, domin na san ƙurar hunturun Katsina ba ta barin komai, kuma ruwan dam yana da laka. Na jiƙa kwanson a rufe cikin ruwa mai tsabta mai ɗan ɗumi, na yi ta danna kowane maɓalli a cikin ruwan don duk wani yashi da ya maƙale a sandarsa ya fito. Na bar shi ya bushe a inuwa. Na ɗiga wa sandar maɓallin giris ɗin da kuka haɗo mani da shi, ɗan kaɗan kamar yadda littafinku ya ce. Wani abokin sana'a ya ba ni shawarar in shafa basilin, na ƙi, don na san man da aka samo daga fetur yana iya lalata zoben roba. Ajiyarsa kuwa cikin roba mai murfi nake yi, ba ya kwana a but ɗin mota, ba ya shan rana.

Bayan haka na yi gwajin da ya raba gardama. Na cire kyamarar gaba ɗaya, na sa farin ƙyalle busasshe da ɗan abu mai nauyi a ciki, na rufe, na nutsa da kwanson shi kaɗai. A mita 4 maɓallin ya sake maƙalewa, babu kyamara a ciki balle a ɗora mata laifi. Kusa da shi akwai wani maɓalli mai girma ɗaya da shi, tsakaninsu bai kai faɗin yatsa biyu ba. Shi wannan na danna shi ya fi sau ashirin a zurfin nan, yana dawowa ba gardama. Ruwa ɗaya suka shiga, laka ɗaya suka sha, hannu ɗaya ya wanke su. Da na fito na buɗe, ƙyallen a bushe yake, wato kwanson ba ya yoyo, kuma wannan na yaba maku a kansa.

Ranka ya daɗe, ba sai mutum ya yi karatun injiniya zai gane abin da ke faruwa ba. Kowane maɓalli sanda ce da ta ratsa jikin kwanson, da ƙaramin zoben roba da ke tare ruwa, da sifirin da ke turo ta waje. Ruwa yana danna sandar ciki, kuma kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara nauyin kusan kilo 1 a kan kowane murabba'in santimita. Aikin sifirin shi ne ya rinjayi wannan nauyi da kuma riƙon da zoben ke yi wa sandar. Sifirin da aka ce zai kai mita 40 ya gaza a kashi ɗaya cikin goma na tafiyar. Ko dai shi ne mai rauni tun daga masana'anta, ko sandar ta ɗan lanƙwashe, ko zoben ya yi mata tsauri. Duk cikin ukun babu wanda ya samo asali daga Ajiwa. Da zan iya cire ɗan kilif ɗin da ke riƙe da sandar daga ciki in duba da idona, akwai masu gyaran agogo a kasuwa da hannunsu ya faɗa kan irin wannan ƙaramin aiki. Na bari ne saboda takardarku ta ce wanda ya kwance maɓalli ya rasa garanti.

Akwai matsala ta biyu, ita ƙarama ce. Abin murɗawa na sauya tsarin ɗauka wani lokaci yana juyawa a banza bai kama na kyamarar ba. Na lura farantin da ake ɗaure kyamarar a kai yana ɗan motsi a mazauninsa. Da na cusa ɗan kwali a ƙarƙashi sai ya kama. Kayan da aka biya kuɗi mai yawa a kansa bai kamata a riƙa tallafa shi da kwali ba.

Abin da ya fi ɓata mani rai shi ne amsoshinku. Da farko ma'aikacinku ya ce in kashe kyamarar in sake kunnawa, alhali na riga na faɗa mashi na gwada ba kyamara a ciki. Sai aka ce in turo bidiyo ta WhatsApp. Na ari ƙaramar kyamarar wani, na biya kuɗin mota zuwa dam, na ɗauki maɓallin yana maƙalewa, na turo. Bayan mako biyu amsar da ta zo ita ce wai an ƙera kwanson ne don ruwan teku, lakar dam ce ta jawo. Na karanta littafinku daga bango zuwa bango, babu inda ya hana shiga tafki ko kogi. Hasali ma shi ne ya ce wanda ya fito daga teku ya wanke kwanson da ruwan daɗi, domin gishiri in ya bushe yana daskarewa a sandunan maɓallai. Kuma lokacin da zan saya na faɗa maku daga Katsina nake, kun san ba mu da teku. A ranar babu wanda ya ce mani kayan bai dace da ruwanmu ba.

Wataƙila daga Legas ba za a ga girman asarar ba. Ruwan dam ɗinmu da damina ja ne, ko tafin hannunka ba ka gani. Sai laka ta kwanta bayan ɗaukewar ruwa yake ɗan washewa, kuma 'yan watannin nan kaɗai ne mai kyamara ke da su a shekara. Na sha nutso cikin sanyin hunturu da sassafe ina fitowa haƙora na kaɗawa, ba tare da abin nunawa ba. Dattijon da ya shige mani gaba wurin masunta ya hana 'ya'yansa fita kamu har sau uku don su riƙe mani kwalekwale. A karo na ukun ya dube ni ya ce, "Ɗana, ko dai mu bari sai baɗi?" Na ce, "Baba, a yi mani haƙuri, na kai ƙara wurin masu kayan." Har yau in mun haɗu sai ya tambaye ni ko sun amsa. Na so in kai aikin har Zobe ta Dutsin-Ma da Sabke ta wajen Daura, yanzu ko Ajiwar ban gama ba.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Ku karɓi kwanson ku gyara, kuɗin aikawa da dawowa a wuyanku, tunda garanti bai ƙare ba, kuma kafin ku maido shi a gwada maɓallan a ƙarƙashin matsin ruwa, kada a tsaya ga danna su a kan tebur. In ba ku da kayan gyara a ƙasar nan, ku musanya mani da wani, ko ku maido mani da kuɗina. Ina kuma roƙon ku riƙa ajiye sifirin da zobban roba na maɓallai kuna sayarwa, domin yanzu wanda nasa ya lalace a Arewa ba shi da inda za shi.

Zan jira amsarku a rubuce har mako biyu daga yau. In shiru ta ci gaba, zan miƙa rasit da takardar garanti da bidiyon gwajin da duk saƙonninmu ga hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa. Lambata da lambar rasit suna wurin ma'aikacinku, kwanson kuma yana nan cikin kwalinsa, a wanke, a bushe, yana jiran ku faɗi inda za a aika da shi.

Na gode. A huta lafiya.

Naku,
Wani mai ɗaukar hoto,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.