A Kawo Kulawar Lafiyar Ƙwaƙwalwa Asibitocin Unguwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin gwamnatocin jihohin Arewa game da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2023, ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958 da muka gada daga Turawan mulkin mallaka. Dokar ta tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, ta kuma kare haƙƙin majinyaci, amma har yanzu amfaninta bai iso ga talaka ba.

Galibin masu buƙatar taimako ba su ne waɗanda ake gani suna yawo a bola ba. Akwai manomin da 'yan bindiga suka raba da gonarsa, wanda ƙarar babur kaɗai ke sa gabansa ya faɗi. Akwai ma'aikaciyar jinyar da aikin dare ya cinye har ta daina jin tausayin marasa lafiya, tana kuma zargin kanta a kan haka. Irin waɗannan ba sa cewa suna da damuwa. Sukan ce kai na ciwo, barci ya ƙaurace, zuciya na bugawa, sai mai kemis ya ba su maganin zazzaɓin cizon sauro ko na taifot, su sha wata da watanni ba sauƙi. Addu'a da ruƙiyya suna da matsayinsu a wurinmu, amma malamanmu da kansu suna koyar da cewa neman magani ba ya rage tawakkali.

Ba zai yiwu a ce kowa ya tafi asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ko na Kware, ko Maiduguri, ko Dawanau ba. Kuɗin mota ya yi yawa, tsangwama kuma ta fi kuɗin motar nauyi, sannan likitocin wannan fanni a faɗin ƙasar ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200.

Tun a shekarar 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, wanda ke koya wa ƙananan ma'aikatan lafiya yadda za su gane damuwa da fargaba, su zauna su saurari majinyaci cikin sirri, su koya masa dabarun kwantar da hankali, sannan su tura wanda larurarsa ta yi tsanani zuwa ga ƙwararru. Roƙona ga kwamishinonin lafiya shi ne su ware kuɗin wannan horo a kasafin shekara mai zuwa, a gudanar da shi da Hausa, a kuma samar wa kowane asibitin unguwa ɗaki mai ƙofa, domin babu matar da za ta faɗi abin da ke ranta alhali masu jiran awon ciki suna saurare.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya