A fara tsayar da jinin kafin a fara tambayoyi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarka don in taɓo maganar da kunya ta sa muke rufewa, alhali tana cin rayukan mata: zubar da ciki ta hanya mai haɗari, da kulawar da mace ke buƙata bayan haka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana zubar da ciki kusan miliyan 73 a duk shekara, kashi 45 cikin ɗari ta hanya mai haɗari, kuma kashi 97 cikin ɗari na waɗannan a ƙasashe masu tasowa ake yin su. A waɗannan ƙasashe, mata kusan miliyan 7 ke zuwa asibiti kowace shekara saboda illar da ta biyo baya.

Halasci da haramci na bar wa malamai da masu doka. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tarbar da ake wa macen da ta riga ta iso asibiti. Ta kwana uku tana ɓoyewa bayan likitan bogi ya zura mata ƙarfe, ko ta sha wani haɗi. Jiki ya yi zafi rau, leɓe ya yi fari, jini ya fara wari. Maimakon a sa mata ruwa, sai ka ji: "Me kika sha? Wa ya yi miki? Ina mijinki?" Ana tambaya, jini na tafiya. Wata ma ɓari ta yi daga Allah, amma kallon zargi ɗaya ake musu. Labarin wulaƙancin nan shi ke sa ta gaba ta zauna a ɗaki har ƙwayoyin cuta su shiga jininta, ko a kai ga cire mahaifar gaba ɗaya.

Tun 1994, a taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan yawan jama'a da aka yi a Alƙahira, ƙasashe suka amince cewa ko me dokarsu ta ce game da zubar da ciki, dole a kula da macen da ta samu matsala. Aikin ma bai fi ƙarfin ƙaramin asibiti ba. Ungozoma da ta samu horo za ta iya wankin ciki da sirinjin tsotso na hannu, wanda ko lantarki ba ya buƙata, ko ta ba da ƙwayar misoprostol mai sa mahaifa ta fitar da abin da ya rage, sai maganin kashe ƙwayoyin cuta, da ƙarin jini idan ta kama.

Kafin a sallami matar kuma, a zauna da ita kan tazarar haihuwa, domin tana iya sake ɗaukar ciki cikin mako biyu.

Ina roƙon ma'aikatun lafiya su kai kayan nan asibitocin karkara, su horar da ungozomomi, su kuma hukunta duk ma'aikacin da ya bar mace tana zubar da jini don yana jiran ta amsa laifi.

Wassalam,
Wata mai karatun jaridarku