Rahoton kwamitin gyaran barajin garinmu a kwarin Keita

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa na gida da na wurin biɗa. Aikin da kuka ɗora mana ya kammala, baraji ya tsaya da ƙafarsa kafin ruwan farko ya sauka.

Barajin nan na zamanin aikin Keita ne, wanda aka soma a 1984 da tallafin ƙasar Italiya da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, lokacin da iyayenmu mata suka ɗauki duwatsu a ka ana biyansu da abinci. Amfaninsa shi ne ya tare ruwan kori, ya shimfiɗa shi bisa fadama har ƙasa ta sha ta ƙoshi, rijiyoyin lambu su riƙe ruwa zuwa rani. Da kunnensa na gabas ya ɓalle, sai ruwan ya riƙa wucewa a guje cikin dare ɗaya. Masu albasa sun fi kowa gani: bara wasu sun ƙara tiyo har sau biyu, injin na ta kuka ba ya jawo komai sai laka.

Mun tone gindin har muka taɓo ƙasa mai tauri, muka ɗaure sabbin gabiyon, wato kejunan ragar waya, muka cika su da dutsen tudu, aka zuba siminti a inda ruwa ke faɗowa don kada ya sake cin ƙarƙashi. Dutse da yashi da gayya aka tara su. Kuɗin waya da siminti da hayar kamiyo kuwa mafi yawansu daga 'yan'uwanmu na Abijan suka zo, Allah ya saka. Takardun lissafi na hannun ma'aji, duk mai so ya zo ya duba.

Mun yi asarar mako biyu saboda wayar farko da aka kawo mana siririya ce, ana lanƙwasa ta da yatsa biyu. Mun mayar, ba mu biya ba.

Abin da ya tayar mana da hankali shi ne rairayin da muka tarar a bayan bangon, ya kai ƙugun mutum. Daga fako yake gangarowa, inda aka sare itace aka bar ƙasa tsirara, kuma shi ne ya karkatar da ruwa har ya ci kunnen. Tabkunan Tabalak da Ɗan Dutsi, da aka sa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a 2005, su ma rairayi ne ke cike su sannu a hankali. In ba mu haƙa ramukan tare ruwa na rabin wata da tassa a tudun ba, muka jera duwatsu a bakin ƙananan koramu, gyaran nan ba zai daɗe ba.

Saura maganar mashaya. Makiyaya sun koka cewa lambuna sun matse burtali, kuma da gaskiyarsu. Mun kai batun gaban maigari da hukumar filaye ta COFO, za a zauna ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Masu lambun da ke bakin hanyar dabbobi su zo da kansu, kada a aiko yara.