Amsa Ga Mai Tambayar Abin Da Nake Ɓoyewa A Takardun Kwangila

Assalamu alaikum, ya ƙanena.

Na ji tambayar da ka jefo mini a gidan rediyo, inda ka ce tun da ofishin da ya ba ni aikin ginin ajujuwan firamare ya rufe wasu shafuka daga takardun da ƙungiyarku ta nema, to in fito in gaya wa mutanen Zazzau abin da nake ɓoyewa. Ka kuma ƙara da cewa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wannan maganar ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ko yaro ya san cewa ɓarawo ka kira ni, a garin da tun kafin ka shiga makarantar allo dilolin siminti da rodi na Sabon Gari suke ba ni kaya bashi ba tare da rubutu ba.

Kana da haƙƙin tambaya, ban musa ba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu ranar 28 ga Mayu, 2011, ta ba kowa damar neman takardun hukuma ba tare da ya bayyana dalilinsa ba, ta kuma ba hukuma kwana 7 ta amsa. Sai dai da alama karatunka ya tsaya a nan. Da ka daure ka kai sashe na 15, da ka ga cewa dokar ta umarci hukuma ta hana fitar da sirrin kasuwanci da bayanan kuɗi da wani ɗan kasuwa ya miƙa mata bisa amana, idan fitar da su zai cutar da shi. Sashe na 18 kuwa ya ce a cire abin da aka keɓe, a bayar da sauran. Abin da aka yi maka ke nan. Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello tana nan Kongo, kuɗin keke napep kaɗai zai kai ka, kuma kowane ɗalibi zai nuna maka shafin.

An ba ka sunan kamfanina, da jimillar kuɗin aikin, da adadin ajujuwan, da wa'adin gamawa, da abin da aka riga aka biya. Waɗannan dukiyar jama'a ce, kuma jimillar da na nema ma an karanta ta a gaban kowa ranar buɗe tanda, wato takardun masu neman kwangilar. Abin da aka rufe shi ne bayanan asusuna na banki, da yarjejeniyar da ke tsakanina da masu ba ni kaya: wane dila ne yake rage mini a kan buhun siminti, wane ne yake jira na har a biya ni, kuma a kan wane sharaɗi. Wannan amana ce da na gina a hankali, kuma ba tawa ce ni kaɗai ba. Ranar da aka baza ta a Facebook, dilan zai sha tambaya daga sauran abokan cinikinsa, abokin takarata kuwa zai san daidai inda zai sare ni a tanda ta gaba. Ba na zargin kowa, amma mutanen unguwa sun san cewa cikin waɗanda suka nemi wannan aiki ba su samu ba akwai na kusa da kai ƙwarai, kuma abin mamaki ne a ce duk cikin takardun nan shafin farashin diloli ne kaɗai ya hana ka barci.

Batun fenti da ka ce ya koɗe bai cancanci dogon bayani ba, damina ce ta wuce a kansa. Idan kuwa kana ganin ginin zai iya faɗa wa yara, dokar ta ce a fitar da bayanin idan ya shafi lafiya ko tsaron jama'a kuma amfanin jama'a ya rinjayi asarar ɗan kasuwa. Ka zo da injiniyan da ka yarda da shi ya auna rodi da kaurin ginshiƙi, ni zan biya kuɗin motarsa. Kana kuma da kwana 30 daga ranar da aka hana ka don zuwa kotu, inda hukuma ce za ta tabbatar da hujjarta, kuma idan aka same ta da hanawa ba bisa ƙa'ida ba, tarar naira 500,000 ce.

Abin da ke ci mini rai shi ne, ban taɓa jin ƙungiyarku ta rubuta takarda tana tambayar dalilin da ƙananan 'yan kwangila suke gama aiki su yi ta zarya kafin a biya su ba, alhali ruwan bashin banki yana hawa, magina da leburori suna tsaye a ƙofar gida, wasu cikinmu har sun sayar da filayensu. Wannan ma bayani ne da ke cikin fayil ɗin hukuma, babu sirrin kowa a ciki, kuma idan kun shirya nemansa zan ba ku lambar fayil ɗina da hannuna.

Wassalam,
Yayanka ɗan kwangila, Tudun Wada, Zariya.