Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Daraktan Ilimi Na Gundumarmu: Ina Malamin Lissafin 'Yan Fom 3?

Ranka ya daɗe Darakta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ni tela ne a ɗaya daga cikin zangunan Kumasi, kuma ni ne wakilin iyaye a kwamitin gudanar da makarantarmu. Da Hausa na rubuta domin iyayen da suka tura ni su ji abin da na faɗa da yawunsu. Na san ba za ka rasa mai fassara maka a ofis ba.

Wata bakwai ke nan 'yan Fom 3 na makarantarmu, wato ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare, ba su da malamin lissafi. Ka san da zancen, domin a gabanka aka yi shi. Ranar da aka buɗe makaranta ka zo da mutanenka, kuka raba wa 'yan aji ɗaya fensir da littafin rubutu da biskit, muka ji daɗi, muka yi godiya. Kafin ka shiga mota hedimasta ya matso ya gaya maka cewa an ɗauke malaminmu na lissafi an kai shi wata makaranta, ba a kawo madadinsa ba. Ina tsaye kusa da kai, ga liman, ga magajiya. Ka dafa kafaɗar hedimasta ka ce kafin mako uku za mu ga sabon malami. Liman ya ɗaga hannu ya yi maka addu'a, muka shafa. Alkawari kaya ne, ranka ya daɗe, kuma a gaban shaidu ka ɗauki wannan.

Daga ranar zuwa yau mun rubuta maka takarda uku. Dukkansu suna hannuna da hatimin ofishinka na cewa an karɓa. Sau biyar na rufe shago na hau mota na zo. Wata rana a ce kana taro, wata rana a ce ka tafi ofishin yanki, wata rana a ce in dawo mako mai zuwa. Jami'in da ke zagaya makarantun sashenmu ya zo sau biyu, ya ga ajin da idonsa, ya rubuta a littafin baƙi, ya sa hannu, ya tafi. Ba mu sake jin komai ba.

Bari in gaya maka abin da na gani da na shiga ajin ranar wata Talata a lokacin darasin lissafi. Jadawali yana nan manne a bango, an rubuta lissafi a gurbinsa. Shugabar aji, yarinya 'yar shekara goma sha biyar, tana tsaye gaban allo da littafi ɗaya a hannu tana kwafe misali, sauran suna kwafewa daga allo. Na tambayi wani yaro a layin gaba me ake nufi da abin da ya rubuta. Ya dube ni, ya dubi littafinsa, ya ce, "Baba, mu dai an ce mu rubuta." Rubutunsa mai kyau ne ƙwarai, shafi ya cika tsaf, amma ko layi ɗaya bai gane ba. A bayan aji wasu sun kifa kai a kan tebur. Malamin zamantakewa ne ke leƙo su idan ya samu sarari, kuma bawan Allah bai ɓoye mana ba, ya ce abin da ya iya ya ƙare tun a lissafin firamare. Ban ga laifinsa ba.

'Yata ta biyu tana wannan aji. Bayan sallar isha'i takan zo shago ta zauna kusa da keken ɗinki, saboda fitilata ta fi ta gida haske, ta buɗe littafin tambayoyin shekarun baya. Wani dare ta turo mini littafin ta ce, "Baba, ka duba mini wannan." Ni da nake auna yadi da ido, nake yanka babbar riga ba tare da na ɓata ƙyalle ba, na zura wa shafin ido ban san ta ina zan kama ba. Ta jira ni kaɗan, sannan ta janye littafin a hankali ta rufe, ta ce ba komai. Yarinyar nan tun tana firamare take cewa aikin jinya za ta yi. Yanzu ta daina faɗa.

Ba sai na koya maka yadda ake lissafa sakamakon BECE, jarabawar kammala ƙaramar sakandare, ba, amma zan faɗa saboda iyayen da za a karanta wa wannan takarda. Kowane darasi ana ba shi daraja daga 1 zuwa 9, 1 ce mafi kyau. Ana haɗa darussa shida: Turanci, lissafi, kimiyya da zamantakewa, waɗannan huɗu dole ne, sai biyu da yaro ya fi ƙoƙari a cikin sauran. Wato babu yadda yaro zai kauce wa lissafi. Ko ya haddace komai, ko ya ci Larabcin da aka shigar cikin jarabawar a 2024, ko ya fi Asantawa iya harshensu na Tuwi, idan lissafi ya ja shi ƙasa ya ja shi. Tun 2005 kuma kwamfuta ce ke rarraba yara zuwa manyan sakandare. Kwamfuta ba ta san ajin da ya yi wata bakwai babu malami ba, maki kawai take gani. An ce an ware kashi 30 cikin 100 na guraben manyan makarantu domin 'ya'yan makarantun gwamnati, kuma tun 2017 sakandare kyauta ce. Madalla. To amma ta wace ƙofa ɗan zango zai shiga Prempeh ko Opoku Ware, ta wace ƙofa 'yata za ta shiga Yaa Asantewaa ko T.I. Ahmadiyya, alhali an bar su su je su yi takara da yaran da ke da malamin lissafi a makaranta, da wani a gida da yamma?

Na san amsar da ake bayarwa: ɗaukar sabbin malamai daga Akra yake, sai ma'aikatar kuɗi ta ba da izini. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Amma ba sabon malami muka roƙa ba. Sauya wa malami makaranta a cikin gunduma ɗaya aikin ofishinka ne, kuma da irin wannan takardar aka ɗauke namu. Gundumar nan ƙarama ce, da babur mutum zai zagaye makarantunta tsakanin hantsi da la'asar. Mun san juna, matanmu suna haɗuwa a kasuwar Kejetia, malamai suna kawo mini ɗinki. Mun san makarantun bakin titi da suke da masu koyar da lissafi fiye da ɗaya. Hannun da ya sa alƙalami aka ɗauke, shi ne zai sa alƙalami a kawo. Ko ɗan bautar ƙasa guda da ya karanci lissafi aka turo mana, da mun karɓe shi hannu bibbiyu.

Abin da ya fi ƙona mana rai shi ne wannan. Da muka ga shiru ya yi yawa, iyaye suka taru a harabar masallaci bayan sallar Juma'a, muka yanke cewa kowa zai riƙa kawo ɗan abin da ya samu, mu biya wani saurayi ɗan unguwa da ya gama jami'a ya riƙa koya musu. Mai koko ta kawo, mai wake da shinkafa ta kawo, masu tuƙa aboboya, babur ɗin ɗaukar kaya mai ƙafa uku, suka kawo. Mako biyu yaron ya yi, yara suka fara dawowa gida da fara'a. Sai ga saƙo daga ofishinka cewa ilimin tushe kyauta ne, an hana karɓar kuɗi a hannun iyaye, a dakatar. Saƙon hani ya iso mana cikin kwanaki, takardunmu uku kuwa har yau ba amsa. Mun san sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1992 ya ce ilimin tushe kyauta ne kuma tilas ne. Amma ai ilimi aka ce a bayar kyauta. Idan an hana mu saya kuma ba a ba mu ba, me aka bar wa yaran nan?

Ka tuna yadda aka yi makarantu irin tamu suka shigo hannun gwamnati. Iyayenmu sun daɗe suna gudun boko saboda a hannun mishan yake. Ni kaina mahaifina, Allah ya jiƙansa, allo kawai ya yarda in riƙe. Da aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta Gana a 1987, malamanmu ne suka bi gida gida suna lallashin mutane: ga makaranta tamu, za a yi Larabci a yi Turanci a ɗaki ɗaya, ku kawo yara. Mu muka kawo fili, mu muka ɗauki bulo a ka, mu muka kawo yara. Gwamnati ta ce ita za ta kawo malamai ta biya su. Mun cika namu. Yau akwai iyayen da suka fara cewa gara yaro ya je ya koyi gyaran mota a Suame Magazin da ya zauna a aji yana kwafe abin da bai sani ba, kuma na rasa bakin da zan ba su amsa.

Don Allah, ranka ya daɗe, don girman Allah, ka dubi yaran nan. Kai ma haihuwa ka yi. Kada a jira saura wata ɗaya jarabawa sannan a turo mana wani ya zo ya ruga da su a guje. Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin Fom 3 yana kan na Fom 2 ne, kuma 'yan Fom 2 da Fom 1 ma haka suke zaune, su dai ba a jin kukansu ne saboda jarabawarsu da saura.

Da ana yin taron nan da kuke kira SPAM, inda ake shimfiɗa sakamakon makaranta a gaban iyaye da malamai da masu unguwa a tattauna, da maganar nan ba ta kai ga wasiƙa ba. Shekarata uku a kwamiti, ban ga an yi shi ko sau ɗaya ba. Ban taɓa ganin takardar da ke nuna yadda yaranmu suka yi a lissafi bara ko bara waccan ba, balle in kwatanta da sauran makarantun gunduma. Ana tuna da kwamiti ne idan ana neman sa hannu a kan tsarin kashe kuɗin tallafin ɗalibai, wanda aka fara a 2005 da sidi 3 kan kowane yaro a shekara, ya koma 4.50 a 2009, daga baya ya kai 10, kuma ba ya isowa a kan lokaci. Akwai maganar tebura, yara uku a kan na mutum biyu. Akwai ban-ɗakin 'yan mata da ba ƙofa. Akwai malaman Larabci da ke rayuwa a kan abin da iyaye suka miƙa musu. Duk za mu iya haƙuri da su zuwa wani lokaci, mun saba. Malamin lissafi ne ba zai jira ba.

Abin da muke nema bai da yawa. A turo malami kafin ƙarshen wannan wata. Idan hakan ya gagara, a ba mu izini a rubuce mu mayar da saurayin nan aji da kuɗinmu. A kuma sa mana ranar taron sakamako, ka zo da kanka ko ka turo wanda zai iya amsa tambaya. Na aika kwafin wannan wasiƙa ga shugaban gunduma, tunda shi ke jagorantar kwamitin sa ido kan ilimi wanda kai ma kake ciki, na kuma ba ɗan majalisar unguwarmu da sarkin zango.

Ranar Litinin da ƙarfe tara zan zo ofishinka tare da liman da iyaye mata biyu, da takardunmu uku masu hatimi. Idan an ce kana taro, za mu zauna a benci mu jira ka fito.

Naka,
Wakilin iyaye a kwamitin makaranta,
Kumasi.