Masu ciwon suga su kula da ƙafafunsu a lokacin hunturu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka don jan hankalin masu ciwon suga da iyalansu kan abin da ake rainawa har ya kai ga yanke ƙafa, wato ɗan ƙaramin rauni.

Idan suga ya daɗe yana hawa a jini, yakan lalata jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, ya kuma ƙuntata hanyoyin jini. Sai mutum ya taka ƙusa ko ƙaya bai ji ba, raunin kuma ya ƙi warkewa saboda jini ba ya isa wurin sosai. Sau da yawa alamar farko ita ce jin kamar ana tsira allura a tafin ƙafa, musamman da dare.

Hunturu ya fi haɗari. Diddige yakan yi faso, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. Ga kuma kaskon garwashi: dattijo zai miƙe ƙafa yana jin ɗumi, fata ta ƙone ta yi bororo bai sani ba.

Don haka a duba ƙafa kullum, har tsakanin yatsu. Wanda ba ya iya sunkuyawa ya sa madubi ko wani nasa ya duba masa. Ruwan wanka a gwada shi da gwiwar hannu tukuna. Bayan alwala a tsane tsakanin yatsu da tsumma mai tsabta, domin danshi ke ruɓar da wurin. A shafa man kaɗanya a diddige, amma ban da tsakanin yatsu. Kada a kankare kaushi da reza, farce kuma a yanke shi a miƙe. A zazzage takalmi kafin a sa, a daina tafiya ba takalmi ko a tsakar gida.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne jinkiri. Raunin da ya kumbura, ya yi wari, ko ya fara baƙi, asibiti zai je a ranar, ba sakiya ko barbaɗa gari ba. Taba sigari kuwa ƙara toshe hanyoyin jinin take yi.

Awon suga da safe kafin karyawa, ga yawancin masu ciwon, ana son ya tsaya tsakanin 80 zuwa 130 a ma'aunin mg/dl na na'urar awon suga. Duk ranar ganin likita, a cire takalmi da safa a ce ya duba ƙafar.

Wassalam,
Mai karatu daga Zariya