Godiya ga matasan Repair the World na Brooklyn da suka zauna da ɗana har ya iya karatu

Zuwa ga shugabanni da ma'aikata da masu aikin sa-kai na ƙungiyar Repair the World, reshen Brooklyn, birnin New York.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na zaɓi in rubuta wannan wasiƙa a bainar jama'a, kuma da Hausa, domin ƴan uwana mutanen Nijar da Najeriya da Gana mazauna wannan birni su san inda na samu abin da na yi kusan shekara biyu ina nema.

Ni mutumin Maraɗi ne, tasi nake tuƙawa tun zuwana ƙasar nan. Bokon da na yi a gida da Faransanci na yi shi, Ingilishin bakina kuwa na kan hanya ne, ya ishe ni in fahimci fasinja, amma bai kai in zaunar da yaro in koya masa haɗa baƙi ba. Maiɗakina ta sauke Alƙur'ani, amma ba ta shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Da ɗanmu na fari ya kai aji uku, ajin da ake fara yi wa yara jarrabawar jiha ta karatu da lissafi, sai takardu suka riƙa zuwa daga makaranta cewa an bar shi a baya. Yaron da ke tashi kafin kowa ya koma kullum da safe sai ya ce cikinsa na ciwo.

Na fara kai shi wani wurin koyarwa na kuɗi, inda abin da nake biya a wata ya kai cinikin kwana biyu cur a bayan sitiyari. Sai daga baya na gane cewa a gaban kwamfuta ake ajiye shi, a toshe masa kunnuwa da abin sauraro, awa guda ta wuce babu wanda ya tambaye shi ko ya fahimta. Na je wani ofishi da aka ce ana taimaka wa baƙi, na cike takardu har sau biyu domin na farkon sun ɓace, matar da ke bayan gilashi kuwa ba ta ɗaga kai ta dube ni ba har na fita. An ce za a kira ni, kuma har yau ina jiran wannan kira.

Wani maƙwabcina mutumin Gine ne ya gaya mini cewa akwai matasa da ke zuwa wata cibiyar unguwa a Crown Heights suna karatu da yara bayan an tashi makaranta, ba tare da karɓar ko sisi ba. Da ya ce ƙungiyar Yahudawa ce ke turo su, sai jikina ya yi sanyi, kuma ba zan ɓoye muku hakan ba. Na ji tsoron a taɓa wa yaro addininsa, na tuna labarin rikicin da aka yi a wannan unguwa tsakanin baƙaƙen fata da Yahudawa a watan Agusta na 1991, ga kuma labaran Gabas ta Tsakiya da ke ƙona mana zuciya kullum. Ciwon cikin yaron nan ne ya rinjaye ni na kama hannunsa muka tafi.

Wadda ta tarbe mu wata budurwa ce mai tsara aikin masu sa-kai, ba zan ambaci sunanta ba tunda ban nemi izininta ba. Ta tambayi yaron sunansa, ta maimaita har sau uku sai da ta faɗe shi daidai, sannan ta tambaye ni yadda ake kiran magidanci a wurinmu. Tun daga ranar Malam take ce mini, ni kuma ƴata nake ce mata. Ta zauna a ƴar kujerar yara, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta, ta sa yatsa a ƙarƙashin kowace kalma tana kallon idonsa maimakon takardar. Kafin rabin awa ta gano abin da mutanen da na biya suka kasa gani: idon yaron yakan fara faɗawa gefen dama na layi, domin da allo ya fara karatu a hannun mahaifiyarsa. Na ɗauka za ta ce a dakatar da Islamiyya, kamar yadda wani ya taɓa ba ni shawara. Sai ta miƙa masa fensir ta ce ya rubuta mata alif da ba, ita kuma ta rubuta alef da bet na Ibrananci a gefe, ta nuna masa cewa nata rubutun ma daga dama yake farawa, kuma ita ma sai da ta koyi juya ido. Ranar ce na fara ganin ɗana ya yi dariya da littafi a gabansa.

Sauran aikin ya tafi yadda ya kamata, ana farawa a kan lokaci, ana sanar da ni idan an samu canji. Ko biskit za a raba wa yara sai ta juya ledar ta karanta abin da aka haɗa shi da shi, domin ita ma ba ta cin alade, kuma da azumi ya zo ita ta fara tambayata ko a matso da lokacin karatu.

Wata rana na makara wajen ɗaukar yaron, na tarar masu sa-kai sun yi da'ira suna nazarin wata takarda, suka ce in zauna. A nan na fahimci cewa a tsarinku aikin hannu da nazari tare suke tafiya. Suna tattauna matakai takwas na bayarwa da malaminsu Musa bin Maimun ya jera, wanda aka haifa a Kurɗuba ta Andalus ya rasu a Masar a 1204, inda ya ce mafi girman mataki shi ne a taimaki mutum har ya tsaya da ƙafarsa. Kalmar da suke ta maimaitawa, tsedaka, tushenta ɗaya da sadaka tamu. Sun bayyana mini cewa an kafa ƙungiyar a 2009, sunanta kuma fassarar tikkun olam ne, wato gyaran duniya, kuma ba makarantar kansu suke buɗewa ba, ƙungiyoyin unguwa suke zuwa su tambaya me ake bukata. Babu wanda ya taɓa kiran ɗana zuwa wani addini. Da ranar tunawa da Martin Luther King, jagoran fafutukar ƴancin baƙaƙen fata a Amurka, ta zo a watan Janairu, ni da shi muka shiga layinsu muna ɗaura kayan abinci a jaka domin mabukata.

Abin da ke damuna shi ne yadda wannan ɗan mutunci ya zama abin mamaki. A ofisoshi da yawa na birnin nan talaka baƙo lamba ce kawai a jikin takarda, idan harshensa ya sarƙe sai a ɗaga masa murya kamar kurma. Mu kanmu ba mu tsira ba. Ƙungiyoyinmu na ƴan gida suna tara kuɗi domin suna da biki da mayar da gawa ƙasa, kuma duk wannan alheri ne, amma ban ga wadda ta ware yammaci ɗaya a mako domin aikin gida na yaranmu ba, alhali muna da ɗalibai a jami'o'i da za su iya.

A makon jiya ɗana ne ya karanta wa mahaifiyarsa takardar da aka aiko daga makaranta, ya kuma fassara mata da Hausa. Na samu labarin cewa wa'adin aikin ƴata ya kusa cika. Roƙona gare ku shi ne duk wanda zai gaje ta a ba shi lokaci ya zauna tare da ita kafin ta tafi, domin akwai yara uku ƴan Nijar da na riga na yi wa iyayensu alkawarin kawowa, ni kuma na ba da sunana in riƙa yin tafinta ga iyaye masu jin Faransanci da Hausa a duk ranar da ba na aiki.

Allah ya saka da alheri.

Naku,
Wani mahaifi, mazaunin Brooklyn